Dan Allah wa ya iya karanta takardar gwajin jini ta Jamus? Leuko, GPT, BSG duk sun rikita ni

Maman_Ikram
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah taimako nake nema. Satin da ya wuce Hausarzt ɗina, wato likitan unguwa da nake gani, ya sa aka ɗebi jinina saboda gajiya da jiri da nake fama da su tun bayan haihuwa, yau na je na karɓo takardar wajen matan da ke zaune a gaba amma shi likitan sai nan da sati biyu zan samu ganinsa. Takardar nan ba kalma cikakkiya ko ɗaya, duk haruffa ne da lambobi. Guda uku an sa musu kibiya tana kallon ƙasa: Leuko 3,4 sai Hb 11,3 sai MCV 75. Akwai kuma GOT, GPT, GGT, AP, Krea, HS, HST, BSG, TSH su ba kibiya, sai CRP 0,3, a gaban Ferritin kuma an rubuta folgt. Ni a Kano PCV na sani da MP da Widal, na duba sama da ƙasa ban ga PCV ba. Wanda ya sani ya yi min bayani don Allah, tun ɗazu hankalina ya ƙi kwanciya.

Abu_Sadiq_Essen
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi 'yar uwa. Ni shawarata ki ninke takardar nan ki ajiye har ranar da za ki ga likita. In da akwai abin gaggawa da tuni sun buga miki waya, haka tsarinsu yake, lab na ganin lamba mai hatsari suke kiran Praxis, wato ofishin likitan, su kuma su neme ki. Tambayar jama'a a group ba abin da zai ƙara miki sai fargaba.

YarLab_Dortmund
Wa alaikis salam Maman Ikram, sannu da jiki. Aikina kenan a nan, a lab nake, bari in bi miki su a hankali amma ki sani fassarar haruffa zan yi miki, hukuncin na likitanki ne shi da ya san jikinki.

PCV ɗin da kike nema yana nan, a Jamus sunansa Hämatokrit, za ki ga an rubuta Hk ko Hkt ko HCT, wani lab ɗin da kashi cikin ɗari kamar 36 wani kuma 0,36, duk abu ɗaya ne. Leuko fararen ƙwayoyin jini ne masu yaƙi da cuta, wanda a gida ake rubuta WBC. Ery jajayen ƙwayoyi. Hb shi ne sinadarin da ke cikin jajayen mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki, in ya yi ƙasa shi ne ake cewa mutum ba shi da isasshen jini. MCV girman kowace jar ƙwaya ne, naki 75 yana nufin ƙwayoyin sun ɗan yi ƙanana don yawanci daga 80 ake farawa. Thrombo ko Thr ko PLT su ne masu tsayar da jini in an ji ciwo. Waɗannan duka a haɗe ake kira kleines Blutbild.

GOT da GPT da GGT da AP na hanta ne galibi, duk da GOT yana fitowa daga tsoka ma, AP kuma daga ƙashi. Krea na ƙoda ne. TSH na maƙoshi, wato abin da ke jawo maƙoƙo in ya samu matsala. BSG da CRP alamar kumburi ko cuta a jiki. Folgt kuma na nufin ba a gama wannan gwajin ba, yana tafe.

Maman_Ikram
Allah ya saka da alheri Anti. Na ga Hkt ɗin, 35. To HS da HST fa? Ni na ɗauka abu ɗaya ne aka maimaita.

YarLab_Dortmund
A'a daban suke, kuma mutane da yawa nan suke rikicewa. HST Harnstoff ne, urea kenan da ake haɗawa da Krea wajen duba ƙoda. HS kuma Harnsäure, shi ne wanda in ya taru yake kawo ciwon gaɓɓai irin mai kama babban yatsan ƙafa, masu yawan cin nama da kayan ciki sun fi fama da shi. Ba kowane lab ke gajarta su iri ɗaya ba fa, wani zai rubuta Harnst. wani Hsre, shi ya sa in kin yi shakka ki tambaye su cikakken sunan.

Dan_Damagaram
Salama alaikum. Mu da muka zo daga Nijar namu ruɗanin ninki biyu ne, don da faransanci muka saba. Blutbild ɗin nan da ku ke cewa FBC mu NFS mu ka sani, BSG ɗin nan VS ne a wajenmu, GOT da GPT kuma ASAT da ALAT. Na lura wasu lab na nan ma suna rubuta ASAT da ALAT ɗin kusa da GOT da GPT, to wannan ya taimake ni sosai.

Likita_Gobe
Haka ne Malam. GOT da GPT tsofaffin sunaye ne da Jamusawa suka riƙe, a Najeriya da Ingila AST da ALT ake rubutawa. GOT shi ne AST, GPT shi ne ALT. Duk mai turawa ɗan uwansa ma'aikacin lafiya a gida takarda ya rubuta masa wannan a gefe. Ni ɗalibin likitanci ne a nan, ban gama ba tukuna, amma akwai abin da nake son faɗa kan Leuko ɗin Maman Ikram in na fito daga aji.

Hajiya_Bremen
Ikon Allah. Ni shekara da shekaru ina karɓar takardun nan ina zubawa a jaka ban taɓa sanin Hkt shi ne PCV ba. Allah ya yi miki albarka 'yar Dortmund.

Sani_Leipzig
Abu ɗaya da ba a taɓo ba kuma shi ya fi tayar da hankalin mutane shi ne ma'aunin da ke gefen lambar. Ni a Köln na fara zama, can Hb ɗina kullum 13 da wani abu g/dl. Da aiki ya dawo da ni Leipzig aka yi min gwaji takarda ta fito Hb 8,4, na ɗauki hoto na tura wa yayana da yake nas ne a Zariya, cikin dare ya kira ni hankali tashe wai me nake jira ban je an ƙara min jini ba, har ya gaya wa Hajiyarmu. Ashe a gabashin Jamus, tsohuwar DDR, har yau asibitoci da yawa da mmol/l suke auna Hb. 8,4 mmol/l ɗin nan in ka mayar da shi kusan 13,5 g/dl ne, lafiya ƙalau. Lissafin shi ne ka ninka da 1,6. Haka suga ma, yamma mg/dl gabas mmol/l, a tsakaninsu 18 ne, wato 5,5 a Leipzig shi ne kusan 99 a Köln. Ƙasa ɗaya ce amma ma'auni biyu, kuma ba wanda zai gaya maka sai ka gano da kanka.

Dan_Damagaram
To ƙara na uku Sani. A Zinder da Yamai suga da g/l ake rubutawa, za ka ga 0,99. Shi ne 99 ɗin Köln, shi ne 5,5 ɗin Leipzig. Tsohona yana da ciwon suga, duk sanda mu ka yi waya sai na yi wannan lissafin kafin in gane inda ya ke.

Abu_Sadiq_Essen
To kun gani ko? Labarin Sani ai hujjata ce. Nas ne fa da iliminsa amma takardar ta rikita shi, ina ga mu. Da an bar wa likitan da ya sa aka yi gwajin da ba a tayar da tsohuwa cikin dare ba.

Sani_Leipzig
Malam Abu Sadiq ni akasin haka na fahimta. Da na san ma'aunin tun farko ai da ni zan kwantar musu da hankali. Likitan nan minti nawa yake ba ka? Ka shiga ya kalli kwamfuta ya ce alles gut, wato komai lafiya, ka fito, in ba ka san abin da ke takardar ba me za ka tambaya? Ga Jamusancin ma ba kowa ya iya na asibiti ba, kuma inshora ba ta biyan kuɗin tafinta, sai dai ka ja ɗanka ko maƙwabci ya fassara maka sirrinka.

Maman_Twins_HH
Wlh maganar tafinta gaskiya ce. Akwai abin da mace ba za ta iya faɗa a gaban ɗanta ɗan shekara sha biyu ba.

YarLab_Dortmund
Abu Sadiq da Sani, ku biyun kowa da gaskiyarsa. Amma bari in ƙara kan maganar Sani, waƙafi a Jamus shi ne ɗigon da muka saba da shi a Najeriya. 3,4 uku da ɗigo huɗu ne. Ɗigo kuma na dubbai ne, in kin ga 250.000 dubu ɗari biyu da hamsin ake nufi. Leuko 3,4 ɗin Maman Ikram za ta ga /nl ko G/l ko Tsd/µl a gefe, duka dai 3400 ne a yadda wasu lab na gida ke rubutawa. CRP ma haka, 0,3 mg/dl daidai yake da 3 mg/l, iyakar kuma 0,5 ce a na farko 5 a na biyu. Na sha ganin mutum ya kwatanta takardar asibiti da ta Hausarzt ya ce CRP ɗinsa ya ninka goma alhali ma'aunin ne ya canza.

Don haka kullum ido ya tafi layin da aka rubuta Referenzbereich ko Normbereich na wannan takardar da ke hannunki, kar a ɗauko na intanet ko na takardar wani, don injin kowane lab da iyakarsa, ta maza daban ta mata daban ta yara daban.

Likita_Gobe
Na dawo. Abu biyu.

Na farko yadda ake samo iyakar nan. Ana ɗaukar mutane masu lafiya a auna su, sai a yanke inda kashi 95 cikin ɗari suka faɗa. Kenan tun daga tushe mutum ɗaya cikin ashirin mai cikakkiyar lafiya zai fita waje a kowane gwaji. In aka yi maka gwaji ashirin a takarda ɗaya, yiwuwar ka ga kibiya aƙalla ɗaya ta haura rabi ko da ba abin da ke damunka. Kibiya ko H ko L ko alamar tarawa da ɗebewa tana cewa a duba nan ne kawai.

Na biyu shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani abu da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinsu, gado ne, kuma yana ba da kariya daga nau'in maleriya na vivax. Masu wannan gadon sau da yawa neutrophil ɗinsu, wanda shi ne kaso mafi girma na Leuko, yana fitowa ƙasa da na Turawa a gwaji ba tare da garkuwar jikinsu ta ragu ba. Iyakar da ke takardun nan kuwa galibi da jinin Turawa aka samo ta. Shi ya sa za ka ga ɗan Kano ko ɗan Kumasi lafiyayye da Leuko 3 da wani abu shekara da shekaru. Ban ce shi ne na Maman Ikram ba, amma abu ne da ya kamata ta ambata wa likita, ta kuma nemi a yi mata großes Blutbild. Shi großes ɗin ba wai gwajin komai da komai ba ne yadda mutane ke zato, ƙaramin ne aka ƙara masa rabe-raben fararen ƙwayoyi, za a ga Neut, Lymph, Mono, Eos, Baso.

Zangon_Hamburg
Ɗan'uwa Allah shi biya ka. Ni ɗan Kumasi ne, wannan abu ya faru da ni, an tura ni wurin likitan jini har an fara maganar ɗiban ɓargo, sai wata likita da ta taɓa aiki a Afirka ta duba tsofaffin takarduna ta ga kullum haka yake tun zuwana, ta sa aka duba Duffy ɗin, magana ta ƙare. Tun lokacin ba na yar da takarda ko ɗaya, duka suna cikin fayil.

Malama_Rabi
Ina da ja kaɗan. Ina tsoron kar mutane su karanta wannan su ce to ai mu baƙaƙe haka jininmu yake su daina bibiya. Leuko yana sauka saboda wasu magunguna, saboda ƙwayar cuta, saboda cututtukan jini masu tsanani. Ƙawata haka aka yi ta ce mata ba komai, daga baya aka gano maganin maƙoshi irin na masu maƙoƙo da take sha ne yake karya mata shi, sai da ta kwanta asibiti. Dole a cire sauran dalilai kafin a jingina da gado.

Likita_Gobe
Gaskiya ne Malama, na yarda ɗari bisa ɗari, shi ya sa tsohuwar takarda take da amfani. Wanda nasa ya daɗe a 3,5 daban yake da wanda bara yake 7 bana ya koma 3,4. Kuma duk mai ƙarancin Leuko da zazzaɓi ya kama shi ko ciwon maƙogwaro mai tsanani ko gyambon baki kar ya jira Termin, wato ranar da aka ba shi ta ganin likita, in dare ne ko ƙarshen mako 116117 ne lambar likitan ko-ta-kwana, in abin ya yi tsanani 112.

Baban_Khalifa
Tunda ana maganar abin da ya shafe mu, CK ma haka ne. Ina zuwa motsa jiki, aka ɗebi jinina washegarin ranar da na ɗaga ƙarfe, CK ya fito sama sosai har da GOT ya ɗan hau. Likita ya ce in huta sati ɗaya a sake, ya sauko amma bai shiga cikin iyakar ba, ya ce maza baƙar fata dama nasu ya fi na Turawa yawa. CK na tsoka ne ga wanda bai sani ba.

Hajiya_Bremen
Maman Ikram ƙarancin jini ne kawai irin na masu jego. Ki samu ganyen ugu a shagon 'yan Afirka ki matse ki haɗa da maltina da madara, ki riƙa shan zoɓo, ki ci hanta. Mu da haka muka yi jegonmu ba mu san wani Ferritin ba.

YarLab_Dortmund
Hajiya hanta da nama suna taimakawa ƙwarai, amma madara da baƙin shayi suna hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe in an sha su tare da abinci, gara a raba su da awa ɗaya ko biyu, a haɗa abincin da lemo. Dalilin da ya sa likitan ya nemi Ferritin shi ne ƙananan ƙwayoyi, wato MCV ƙasa, suna da manyan dalilai biyu a wajenmu. Ko ƙarfen jiki ya ƙare, wanda ya fi yawa ga mata bayan haihuwa ko masu yawan zubar jinin al'ada, ko kuma gadon alpha thalassämie wanda yake da yawa a Afirka ta Yamma kuma mai ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne har abada. Ferritin shi ne rumbun ƙarfen jiki, in rumbun ya yi ƙasa an san inda matsalar take, in kuwa cike yake to shan ƙwayar ƙarfe wata da watanni ba zai gyara komai ba, zai iya ma taruwa ya yi illa. Shi ya sa kar ki saya a kanti irin dm ko Rossmann ki fara sha kafin sakamakon ya fito. Kuma Ferritin yana hawa in akwai kumburi a jiki, don haka ake karanta shi tare da CRP, naki CRP ɗin yana daidai to za a iya yarda da abin da ya fito.

Maman_Twins_HH
Anti tambaya, genotype fa me ake ce masa a nan? Na je na ce a yi wa ƙanwata genotype kafin aure matar ta tsaya tana kallona.

YarLab_Dortmund
Hb-Elektrophorese za ki ce, ko ki ce ana son a duba Sichelzell. Ba sa rubuta AA ko AS kai tsaye yadda muka saba, za ki ga HbA da HbS da HbA2 da HbF kowanne da kasonsa sannan bayani a ƙasa. 'Yan Ghana da Burkina su lura da HbC ma, yana da yawa a can. Jariran da aka haifa a Jamus daga Oktoba 2021 ana duba musu sikila cikin gwajin da ake ɗiba a dunduniya kwana biyu zuwa uku da haihuwa, amma wannan mai cutar yake nema, ba a ba iyaye rahoton cewa yaro AS ne, don haka kar a ce ai an yi masa genotype.

Alhaji_Frankfurt
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni dattijo ne ina shan Marcumar, maganin hana jini daskarewa, saboda bugun zuciya. A ɗan littafina akwai Quick akwai INR. Jikana ya ga Quick 28 cikin ɗari ya ce jinina saura kwata. Ku yi masa bayani, yana karantawa tare da ni.

Likita_Gobe
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Quick ba yawan jini yake aunawa ba, saurin daskarewarsa ne, sunan likitan da ya ƙirƙiro gwajin ne Armand Quick ɗan Amurka. Mai shan Marcumar dama so ake Quick ɗinsa ya sauka, in Quick ya sauka INR hawa yake, suna tafiya a saɓa. INR ake bi yanzu don shi iri ɗaya ne a kowane lab, Quick kuwa yana bambanta. Ga irin larurarku yawanci tsakanin 2 da 3 ake so, amma likitanku ya rubuta naku a littafin. In za ku je gida ku tafi da littafin don INR za su gane a can, kuma miyar ganye irin alayyahu ba a hana ba, kar dai a canza yawan ci lokaci ɗaya.

Alhaji_Frankfurt
Madalla. Allah ya ba ka sa'ar karatu.

Bako_2020
Ku yi haƙuri ba zan faɗi sunana ba. An yi min Check-up 35, binciken lafiya na masu shekara 35 zuwa sama, takarda ta fito Anti-HBc positiv, Anti-HBs positiv, HBsAg negativ. Kwana uku ban yi barci ba, ina da mata da yara. Ciwon hanta ne da ni?

Likita_Gobe
Kwantar da hankalinka Yaya. Yadda ka rubuto, wannan hoton wanda ya taɓa haɗuwa da cutar hanta nau'in B ne a baya, wataƙila tun yana yaro, jikinsa ya yi maganinta ya samu garkuwa. HBsAg shi ne ke nuna ƙwayar tana nan yanzu, naka negativ ne. Anti-HBc shaidar an taɓa haɗuwa da ita, Anti-HBs garkuwa. Wanda rigakafi kawai aka yi masa Anti-HBs kaɗai zai fito masa positiv. Abu ɗaya da za ka riƙe, in wata rana za a ba ka magani mai danne garkuwar jiki kamar na kansa ka gaya musu wannan sakamakon, don tana iya farfaɗowa. Ka koma likitanka ya tabbatar maka da bakinsa. Wanda kuma nasa HBsAg ya fito positiv, ana ƙara gwajin HBV-DNA, ana bibiyar hanta, akwai magani mai danne ta, a kuma gwada iyali a yi musu rigakafi. Tun Oktoba 2021 aka saka gwajin B da C sau ɗaya kyauta cikin Check-up na masu shekara 35 zuwa sama, mu da muka fito daga inda cutar ta yi yawa bai kamata mu bari ya wuce mu ba.

Abu_Sadiq_Essen
Kwana uku ba barci saboda kalmar positiv. Abin da nake gudu kenan tun farko. Ban ce kar a sani ba, cewa nake takarda ba tare da mai bayani ba azaba ce, kuma ba kullum za a samu irin su Likita_Gobe a group ba, wata rana wanda bai sani ba ne zai amsa da ƙarfin gwiwa.

Malama_Rabi
A nan kam ina tare da kai Malam. Amma akwai hanya ta tsakiya. Akwai shafin Was hab' ich, ɗaliban likitanci da likitoci ne suke mayar da takardar asibiti zuwa Jamusanci mai sauƙi kyauta, a Dresden suka fara tun 2011, sai dai akan yi jiran layi. Sannan haƙƙinka ne a doka a ba ka kwafin takardunka, sashe na 630g na BGB, kundin dokar farar hula ta Jamus, kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa kwafin farko kyauta ne. Ga mai karanta wasiƙar likita kuma ya riƙe waɗannan ukun: o.B. ba a ga komai ba, V.a. ana zargi ne ba a tabbatar ba, Z.n. abin da ya riga ya faru a baya kamar tiyata. V.a. ɗin nan ya sa mutane kuka ba adadi.

Dan_Damagaram
Wata tambaya, in an ce ka zo nüchtern, azumi sosai a ke nufi har ruwa?

YarLab_Dortmund
A'a Malam, abinci ne da duk abin sha mai zaƙi ko madara ake bari kamar awa takwas zuwa sha biyu, ruwa zalla ana so ma ka sha don jijiya ta fito. Mutanenmu da yawa suna zuwa ba su sha ko ɗigo ba, a yi ta neman jijiya, Hkt da Harnstoff su ɗan hau saboda ƙishi. BZ ko Gluc shi ne suga na wannan lokacin, in ba a ci komai ba ya kai 126 mg/dl ko 7,0 mmol/l to ana maganar ciwon suga, sai a maimaita a tabbatar. HbA1c kuma matsakaicin wata biyu zuwa uku ne, ba ya buƙatar yunwa, daga 6,5 cikin ɗari ake cewa ciwon suga. Amma masu sikila da masu ƙarancin jini HbA1c yana iya ba da lamba marar gaskiya, a gaya wa likita.

Zangon_Hamburg
Kar a manta da maleriya. MP da Maman Ikram ta ambata ba ya cikin Blutbild, ba za su duba ba sai ka ce ka dawo daga Afirka. Sunansa dicker Tropfen. Duk wanda ya je gida ya dawo zazzaɓi ya kama shi ranar nan ya tafi asibiti ya faɗa da bakinsa, kar ya ce ai na saba da ita, garkuwar tana raguwa in ka daɗe a Turai. Mu a Hamburg muna da Bernhard-Nocht a St. Pauli, aikinsu kenan cututtukan ƙasashe masu zafi. Kuma wanda ya yi wanka a rafi ko dam yana yaro ya ga Eos ɗinsa sama ya ambaci tsargiya da tsutsar ciki, likitan unguwa ba lallai tunaninsa ya je can ba, zai fi zaton alaji.

Maman_Ikram
'Yan uwa na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau da safe na kira Praxis na tambayi Ferritin, ya fito 8, matar ta ce likita ya gani ya rubuta min ƙwayar ƙarfe in je in karɓi takardar magani, kuma an matso min da ganinsa zuwa ranar Alhamis. Na binciko Mutterpass ɗina, wato littafin awon ciki, da wata takarda ta shekarar da na zo, a can Leuko 3,7 ne, zan tafi da su duka. Na rubuta tambayoyina a takarda, großes Blutbild da maganar Duffy. Abu ɗaya ya rage, a ƙasan MCV akwai RDW 16,8 shi ma yanzu na lura an sa masa alama, a tsohuwar takardar kuma ban ga RDW ba sai EVB.

YarLab_Dortmund
Abu ɗaya ne, EVB sunansa na Jamusanci. Yana nuna ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, wasu manya wasu ƙanana, kuma yana tafiya da ƙarancin ƙarfe. Ki sha ƙwayar da ruwa ko ruwan lemo banda shayi, bayan gida zai yi baƙi kar ki tsorata, in ta dame ki a ciki ki gaya masa akwai wasu nau'in. Ki tambaye shi yaushe za a sake aunawa, don ko Hb ya dawo daidai akan ci gaba da sha wasu watanni kafin Ferritin ya cika.

Abu_Sadiq_Essen
Alhamdulillah. Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa. Ni dai har yanzu da an tambaye ni waya zan ce a fara bugawa Praxis kafin a zo group.

Maman_Twins_HH
Anti YarLab kafin ki tafi, a Mutterpass ɗina wajen LSR, gwajin tunjere, an rubuta durchgeführt kawai, wato an yi, ba positiv ba negativ, haka wajen HIV. Mantawa suka yi ko sai na koma na tambaya?